Ranar da Aka Share wa Baba Mai Kainuwa Tafkunansa

Kafin injinan masana'antar su fara ruri da safe, shi ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a jikin katangar baya, ya tuɓe rigar gida ya rataye a ƙusa, ya zura dogon takalmin roba da safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, ya saɓi manjagara ya nufi tafkunansa. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Sunansa na yanka kuwa sai dai a tambayi matarsa, don mu duk unguwa Baba Mai Kainuwa muka sani.

Masana'antar tsofaffin baturan mota take fasawa tana narkar da dalmar ciki. Ruwan wanke-wankenta yana fitowa ta wani ƙaton bututu, ya bi ta tankin farar ƙasa mai kwashe mafi yawan dattin, sannan ya zubo cikin tafki na farko. A ido ruwa ne garau, kai ka ce ka tsuguna ka yi alwala. Amma akwai sauran dalma a narke a ciki, da wasu ƙarafa masu nauyi ire-irenta, waɗanda tafasawa ba ta kashe su, tata da ƙyalle ba ta kama su. In suka shiga jikin babba, sannu a hankali suke cin sa. In suka shiga jikin ƙaramin yaro, ƙwaƙwalwa suke nufa. Ruwan yakan yi kwana huɗu yana ratsa tafkuna uku, daga nan ya faɗa rafin da ya bi ta bayan gidajenmu.

Abin da ke tsakanin wannan ruwa da rafinmu shi ne kainuwa. E, kainuwar nan da ka sani, mai yawo a kan ruwa. Saiwarta tana reto a ƙasa kamar gemu, tana zuƙe ƙarfen tana ajiyewa a jikinta, har ruwan ya fita tafki na uku ba komai a cikinsa. Sai dai ita ma tana da iyakar cikinta. Idan ta ƙoshi aka bar ta ta ruɓe a ruwan, duk abin da ta sha sai ta amayar. Aikin Baba shi ne ya san lokacin da ta ƙoshi. Yakan ɗago guda da manjagara, ya juya ta, ya dubi saiwar. In fara ce sol, ya mayar. In ta yi baƙi ta yi nauyi, gefen ganyen ya soma rawaya, to lokacinta ya yi. Kashi ɗaya cikin uku yake kwashewa, ba ya taɓa wuce haka, don sauran su ci gaba da aiki su kuma hayayyafa su cike gurbin. Wadda ya kwashe ya shanya a daɓen siminti cikin shingen waya mai kwaɗo, ta bushe ya ƙone a tanderu, ya kwaɓa tokar da siminti, ya binne tubalan a wani rami da aka yi domin haka.

Mu da muke zaune a bayan katangar, me muka sani a duk wannan? Abin da muka sani shi ne ga wani tsoho zaune kan tulin ciyawa kore shar, ko da rani ya ƙone ko'ina ƙurmus, kuma ko ganye ɗaya ba ya bayarwa. Mai awaki ya roƙa, a'a. Mai lambu ya ce a sam masa busasshiyar ya yi taki, a'a. Wadda ta fi kowa naci ita ce Gwaggo Mai Madara, wadda garkenta na shanu huɗu ke jingine da katangar masana'antar, wadda kuma madararta yaran rabin unguwa ke karyawa da ita. Duk rani sai ta leƙo ta ƙofar baya.

"Malam, baro ɗaya dai. Ciyawar Allah ce fa, ba kai ka shuka ba."

"Ni na shuka, Hajiya. Kuma guba ce. Ko kyauta ko da kuɗi ba zan ba ki ba."

"Guba! Gubar ce ta yi kore haka? Allah ya shirye ka. Ka tafi da ita kabari ka yi matashi."

Ya gaya mana gaskiya, sau ba adadi. Mu ne muka ƙi ji. Muka ce sayarwa yake yi a ɓoye ga masu kiwo na nesa. Muka sa masa Baba Rowa, yara na rera masa in ya wuce a keke. Ni mai wannan rubutu ina cikin waɗanda suka yi dariya, ba zan wanke kaina ba. Shi kuwa ko ya ji, sai dai ya kaɗa ƙararrawar kekensa ya wuce.

To, sai lokacin ajiye aikinsa ya zo, aka sa Asabar ranar bikin sallama. Manajan da ke riƙe da masana'antar bai fi wata shida da zuwa ba, daga ofishin ciniki aka ɗauko shi, matashi ne mai son mutane da son a yi abu ya yi kyau a hoto. Shi da ma'aikatan cikin gida suka zauna shawarar abin da za a yi wa Baba na ban mamaki. Wani ya ce, "Bawan Allahn nan shekara ashirin da shida yana kokawa da ciyawar nan, ya kwashe nan ta cike can, bai taɓa ganin ƙarshenta ba. Mu gama masa ita, ya ga tafkunansa fes ko sau ɗaya kafin ya tafi." Wallahi haka aka yi, kuma har tafi aka yi wa mai shawarar. Su a tunaninsu sharar ciyawa aka ɗauke shi yi, tsufa ne ya hana shi gamawa. Mutanen da suka san asalin tafkunan duk sun daɗe da barin wurin, shi kuma ba mai yawan magana ba ne.

Ranar Laraba Manaja ya kira shi ofis ya ce ya je gida ya huta, kada a ƙara ganinsa sai Asabar. Baba ya yi turjiya, aka ce umarni ne. Yana juya baya aka kawo lebura goma sha biyu.

Asabar da hantsi ya shigo ta babbar ƙofa, karo na farko a shekaru, cikin sabuwar farar shadda da matarsa ta matsa sai ya ɗinka. Matar na gefensa, 'yarsu na biye da jikarsa 'yar shekara biyu a goye, wadda yake kira Amarya yana cewa ita ce za ta kori tsohuwa daga ɗaki. An kafa rumfa a bakin tafkunan, an jera kujeru, lasifika biyu a kan sanduna suna fuskantar unguwa. Manaja ya riƙo hannunsa yana murmushi har kunne, ya zagaya da shi bayan rumfar, ya ce, "Baba, ga tukwicinmu."

Tafkuna uku, tas, rana na walƙiya a kansu. Ko ganye ɗaya babu.

Waɗanda ke kusa suka ga ya tsaya cak. Suka ɗauka daɗi ne ya kama shi, suka fara tafi. Shi kuwa bututun yake kallo, yana ta kwararo ruwa cikin tafki na farko kamar kullum. Sai ya fizge hannunsa, ya tattare shaddar, ya taka cikin caɓin bakin tafkin da takalmin biki, ya kama sitiyarin ƙarfen da ke rufe bututun ya hau murɗawa.

"Baba! Baba, in ka rufe wannan injinan za su tsaya!"

"Su tsaya, Yallaɓai. Yaushe aka kwashe?"

"Alhamis aka gama. Mun ga dai kana shan wahala ne…"

Ya ƙirga da yatsu. Kwana biyu. Ruwan bai kai rafi ba tukuna, wannan ya tsare. Ya juya ya dubi shingen wayarsa, ƙofa a buɗe, an fasa kwaɗon, an tula kainuwa a daɓen har ta haura waya. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana auna tuli da ido ba a ɓoye masa gibi. Gefe guda an zaftare.

"Ina sauran?"

Maigadi ne ya matso, mutumin kirki wanda watansa uku da kama aiki, yana washe baki don ya san ya yi abin lada. "Ni na bayar, Baba. Baiwar Allahn nan mai shanu ta zo tana roƙo, na ce tunda zubarwa za a yi, ta ɗiba. Amalanke uku ta yi. Har addu'a ta yi maka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba. Ya faɗa sau biyu, na biyun da ƙarfi har makaɗin da aka ɗauko ya tsayar da hannu. Daga nan tsoho mai shekara sittin da ɗoriya ya zura da gudu ta ƙofar baya, takalmi ɗaya ya maƙale a laka bai ko waiwaye shi ba.

Abin da ya tarar a garken Gwaggo Mai Madara, maƙwabtan da suka gani har yau in suna faɗa sai sun rage murya. Jar saniyar nan, babbar, wadda ta fi sauran nono ta kuma fi su haɗama, tana tsaye ta kafa goshi a bango tana turawa kamar za ta ratsa shi. Haƙoranta na ƙara ƙaras-ƙaras, kumfa na dalala, idanunta a buɗe amma ko ka kaɗa hannu a gabansu ba sa ƙiftawa. Sauran ukun sun ƙi tashi. Kwamin cike yake da sauran kainuwa. Gwaggo na gefe ta ɗora hannu a ka, ga wani mahauci ya tsuguna yana wasa wuƙa a dutse.

Tana ganinsa ta miƙe, duk da halin da take ciki bakin bai mutu ba. "Au, ciyawarka ka biyo? To ba ni aka yi, ba sata na yi ba. Ka bar ni da abin da ya dame ni, bakin mutane ya kama min saniya."

"Hajiya, tun yaushe suke ci?"

"Tun la'asar ɗin Alhamis."

"Madarar jiya fa?"

"Na sayar mana."

"Ta yau?"

"Ita ma na raba tun da sassafe. Gida goma sha huɗu." Ta dube shi, ta dubi kwamin, ta dubi saniyar. A nan ne abin ya faɗo mata. Muryarta ta sauka. "Har gidan 'yarka, Malam. Kullum kwano ɗaya take karɓa saboda yarinyar."

Ya dafa bango. Mahaucin bai san me ake ciki ba, shi dai ya ga saniya na shirin tafiya, ya miƙe ya ce a kama masa a kayar kafin ta zama mushe, a rage wa baiwar Allah asara. Baba ya sha gabansa.

"Naman nan ba zai shiga tukunyar kowa ba."

"Haba Baba, matsa mana, wuƙa ce fa a hannuna."

"Na gan ta. Mayar da ita kube. Abin da ya makantar da saniyar nan yana cikin hantarta da ƙodarta, kai kuma kafin azahar ka raba wa gida hamsin. In ka yanka, da ƙafata zan bi ka har teburinka in tsaya ina gaya wa duk wanda ya zo saye."

Mahaucin ya yi tsaki, ya ce shi bai taɓa ganin tsoho mai baƙin ciki irin wannan ba, amma ya mayar da wuƙar. Gwaggo ce da kanta ta ce masa ya tafi. Ta zauna daɓas a ƙasa tana lissafo gidajen ɗaya bayan ɗaya, da yawan yaran da ke kowane gida, tana yi tana kuka. Baba ya ga in ya ce zai bi su ƙofa-ƙofa, kafin ya kai na biyar na goma sun shanye. Sai ya tuna lasifikokin nan biyu da aka juya suna kallon unguwa.

Ya koma da gudun da ya zo da shi. Manaja na tsaye da abin magana yana ƙoƙarin lallashin taro, yana cewa Baba ya ɗan zaga ne yanzu zai dawo ya yi jawabi. Ya dawo kuwa, ƙafa ɗaya ba takalmi, farar shadda ta koma ruwan ƙasa har gwiwa, hula a karkace. Ya karɓe abin maganar ba ko sallama. Ga jawabin ajiye aikin Baba Mai Kainuwa, ni da kunnena na ji shi daga tsakar gidana:

"Jama'a! Duk wanda ya karɓi madara a wurin Hajiya jiya ko yau, kada ya ba yaro! Kada kowa ya sha! Akwai dalma a ciki! Kada a zubar a kwata, a rufe a ajiye ina zuwa! Duk yaron da ya sha a kawo shi nan yanzu!"

Bai rufe baki ba idonsa ya sauka kan sahun gaba. 'Yarsa ta sauke Amarya a cinya, yarinyar ta gaji da hayaniya tana rigima, uwar ta buɗe filas ta tsiyaya a kofi ta kafa mata a baki tun kafin ya fara magana, yanzu ta yi sororo tana kallonsa kofin na nan a bakin yarinyar.

"Ke! Cire kofin nan!"

Lasifikar ta yi wata ƙara mai tsaga kunne. Kofin ya faɗi, yarinyar ta tsandara ihu. Ya diro daga kan dakalin da ake jawabi ya ɗauki kofin ya leƙa. Rabi ya tafi.

"Baba, me na yi?" in ji 'yar tasa. "Na tafasa fa. Jiya ma sau biyu ta sha."

Ya ɗauki jikar ya rungume ta a ƙirjin shaddarsa mai laka, wadda ya saba tsokana kullum ranar ko kalma ɗaya ta wasa bai iya yi mata ba. Wurin ya rikice gaba ɗaya. Mata na salati, wasu sun zura gida ba mayafi. Maigadi ya tsuguna ya rufe fuska da hula. Manaja kuwa, a yi masa adalci, da ya gane abin da suka aikata bai tsaya kare kansa ba. Ya sa aka fito da motar ma'aikata, ya kira asibiti, ya kira likitan dabbobi, ya ce duk abin da Baba ya ce a yi shi za a yi.

Baba ya ɗauki jarka ya shiga unguwa, Gwaggo na gaba tana nuna ƙofofi. Gidana ne na tara. Uwar yarana ta fito da tukunya tana cewa ita fa ta tafasa har ta yi kumfa. Ya ce, "Ko sau bakwai kika tafasa, 'yata, ƙarfe ba ya mutuwa. Juye nan. Su wa suka sha?" Autarmu 'yar shekara uku ta leƙo ta bayan zanen uwarta da farin gashin baki na madara. Na dubi mutumin nan da na yi shekaru ina yi wa dariya, kunya da tsoro suka kama ni.

Yara ashirin da uku aka ɗiba wa jini a ranar. Likitar ta ce sakamako sai Laraba.

Kwana huɗun nan ba na fata wa maƙiyi. Yaro ya yi hamma, uwa ta zabura. Yaro ya yi tuntuɓe, uba ya kaɗa masa hannu a gaban ido ya ga ko yana gani, don kowa ya ji labarin jar saniya. Ita saniyar ta mutu ranar Lahadi, Baba ya tsaya a kai aka binne ta a raminsa da farar ƙasa. Sauran ukun likitan dabbobi ya ceto su, amma ya ce nononsu zubarwa za a yi ta yi har sai gwaji ya ce ya isa. Shi kuwa mutumin da a takarda ya riga ya ajiye aiki, safiyar Lahadi yana can wani kududdufi sama da masana'antar, cikin ruwa har ƙugu, yana ɗebo sabuwar kainuwa a baro yana kawowa tafkunan. Da yamma ya je gidan 'yarsa ya zauna a bakin ƙofa yana kallon Amarya na wasa. Matarsa ta ce a kwanakin nan abinci sai dai ta ɗauke kamar yadda ta ajiye.

Likitar ta kuma ce duk babban da ya taɓa tulin nan a kawo shi a ɗibi jininsa: leburorin, Maigadi, Gwaggo, da shi kansa Baba. Kowa ya je, Baba ya ce shi aiki ya yi masa yawa. Sai da matarsa ta je har bakin tafki ta tsaya, ta ce in bai fito ba ita za ta shigo da zanenta, sannan ya bi ta.

Laraba muka cika barandar asibitin, iyaye da kakanni. Likitar, wata mace mai gilashi marar son dogon zance, ta fito da takardu ta ce mu natsu. Ta ce dalmar ta shiga jinin yaran, babu wanda ba ta taɓa ba, amma kaɗan ce. Uku za su sha magani, Amarya na cikinsu. Babu ko ɗaya da abin ya kai inda ake tsoro. Ta ce da an ƙara mako ɗaya ana shan madarar nan, da wata maganar take yi mana yanzu. Barandar ta kaure da hamdala, wata ta faɗi ta yi sujada a kan siminti, 'yar Baba ta kifa kai a kafaɗar uwarta tana kuka. Shi kuwa sai a lokacin na ga ya saki numfashi, ya ja kunnen jikar ya ce, "To Amarya, kin tsira, sai a ci gaba da shirin biki."

Mun fara watsewa ke nan likitar ta ɗaga murya. "Wane ne mai kula da tafkunan?"

Ya ɗaga hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi takardar, ta ce ya shigo shi da iyalinsa. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, kuma matarsa ta ba ni izinin faɗin abin da aka yi a ciki.

"Baba, da na ga naka na ɗauka injin ne ya yi kuskure, na sa aka sake. Abin da ke jininka ya ninka na yaron da ya fi kowa sau goma. Wannan ba na kwana biyu ba ne. Cikinka ba ya murɗawa?"

"Yakan yi."

"Hannunka fa? Ba ya saki, abu ya suɓuce maka?"

Ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. "Na dama. Wani lokaci."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Shekara takwas, ko tara."

"Tara!" in ji matar. Ta miƙe tsaye. "Malam, tara? Kai da kake ce min gyambon ciki ne? Ni ina ta dafa maka abinci ba yaji, ashe… Subhanallahi! Kuma ka sani?"

"Na yi zato. Tokar ce. In ana kwashe ta daga tanderu takan tashi, ƙyallen da nake ɗaurewa a hanci ba ya tare ta duka."

Likitar ta cire gilashinta. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun tuni, a canza masa wurin aiki.

"In an canza ni wani za a sa, Likita. Tokar dai sai wani ya kwashe ta. Kuma duk wanda za a kawo matashi ne mai ƙananan yara, zai koma gida da ita a jikin rigarsa su rungume shi. Ni nawa sun girma." Sannan ya ce, "Ita yarinyar kwana nawa za ta yi tana shan maganin?"

Mu da ke bakin ƙofa ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Baba, yanzu da kai nake. Kai ne ka tsaya tsakanin bututun nan da rafinmu shekara ashirin da shida, garkuwar da ba mu san muna da ita ba. Kai ne muka yi wa waƙar zambo ka kaɗa ƙararrawa ka wuce. Kai ne ka mayar da ranar girmamawarka ranar bin gidaje da jarka, ƙafa ɗaya ba takalmi. Amma ka yi haƙuri in faɗa maka, ina jin haushinka. Shirun nan na shekara tara bai yi min daɗi ba ko kaɗan, kuma ba shi nake so kowa ya koya daga gare ka ba. Da ka buɗe baki ka ce toka na kashe ka, ko da rigima sai an sayo abin rufe hanci na gaske tun a lokacin, ba sai yanzu da aka sayo wa magajinka har da ɗakin wanka da rufaffen tanderu ba. Haushin da nake ji na kanmu ya fi wannan, don mun san wanda ake yi wa dariya in ya faɗi gaskiya ba ya marmarin ƙara faɗin wata.

Ku kuma masu karatu, kowace unguwa tana da irinsa. Akwai wani a bayan wata katanga yana wani aiki mai ƙazanta da ba ku san amfaninsa ba, yana hana ku wani abu kuna zaginsa. Ku taka ku je ku tambaye shi me yake yi da dalilin yin sa, ku kuma tambaye shi lafiyar jikinsa. In ku ne a kan irin wannan aiki, ku riƙe shi yadda Baba ya riƙe nasa, ku ce a'a inda ya kamata ko duk gari zai juya muku baya, ku koya wa wani kafin ku tashi, kuma in jikinku ya fara ba ku labari ku faɗa da wuri.

Baba yana kwance yanzu a asibiti, ɗaki na biyu hannun hagu, ana yi masa ƙarin ruwa da maganin da ke janyo ƙarfe daga jini. Likita ta ce cikin zai lafa, hannun ma wataƙila. Amma wadda ta riga ta shige ƙashi ba ta fita duka, da ita zai ƙarasa rayuwarsa. Yaranmu ashirin da uku kuwa suna nan suna ta ɓarna a tsakar gida, kowa da idonsa, kowa da hankalinsa. Autata jiya ta ƙirga min har goma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya tashi kafaɗunka.